Amsa ga ƙanwar da ta shekara shida tana ɗaga gyaran takardarta

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ƙanwata, na karanta tambayar da kika aiko wa zaurenmu na tattaunawa ba tare da suna ba, inda kika ce shekarunki 34, kina zaune a Tumfure da 'ya'ya huɗu, kin gama sakandare tun kafin aure da D7 a Lissafi, kuma shekara shida ke nan kina cewa za ki gyara takardar ki ci gaba da karatu. Kin ce maigida ya amince, amma duk sa'ad da aka buɗe rajista sai ki ce sai baɗi, saboda kina ganin ƙwaƙwalwarki ta yi tsatsa, kina kuma tsoron ki faɗi a yi miki dariya. Daga ƙarshe kika tambaya ko lalaci ne ke damunki. Ni malamar makaranta ce a nan Gombe, na daɗe ina koyar da matan aure darasin yamma, kuma ni ma da goyo a bayana na ƙarasa nawa karatun, saboda haka abin da zan faɗa miki na gan shi ne da idona.

Macen da ke tashi kafin kiran assalatu ta hura wuta, ta shirya yara huɗu zuwa boko, ta sake shirya su zuwa Islamiyya da yamma, ta yi wanki da girki a zafin watan Afrilu na garin nan, ba a kiran ta malalaciya. Ki lura da kyau, ba komai kike ɗagawa ba, abu ɗaya ne tak, kuma shi ne wanda zai yanke miki hukunci. Muddin ba ki zauna jarrabawar ba, kina nan a matsayin wadda da ta zauna da wataƙila ta ci, kuma zuciya tana jin daɗin wannan matsayi fiye da yadda muke tsammani. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Fuschia Sirois da Timothy Pychyl, sun yi bayani a 2013 cewa mai jinkirta aiki yakan guje wa ɓacin ran da aikin ke jawo masa ne a wannan lokaci, ya sami sauƙi na ɗan lokaci, ya bar wa gobensa nauyin. Shi ya sa ranar da aka ce an rufe rajista za ki ji kamar an sauke miki kaya daga ka, bayan mako biyu kuma takaici ya dawo ya fi na da.

Uzurorin kuwa na haddace su, domin kalandarmu ba ta rasa su. A bari sai bayan azumi, sai bayan babbar salla, sai an yaye yaro, sai an gama bikin ƙanwar maigida, sai kaka ta yi kuɗi sun shigo. Kowane ɗaya gaskiya ne, abin da ya sa suke da wuyar ganewa ke nan. Amma ban taɓa ganin matar auren da shekara ta zo mata babu haihuwa, babu biki, babu rasuwa, babu jinya a dangi ba. Waɗanda suka gyara takardunsu a hannuna duk a cikin irin wannan hidima suka gyara.

Yanzu ga maganar tsatsa, wadda ita ce na fi so in daɗe a kanta. Cewa ƙwaƙwalwarki ta mutu zato ne, ba ki taɓa auna shi ba, kuma zaton da ba a auna ba shi ke girma a cikin duhu. Akwai wata baiwar Allah da ta riƙa zuwa makarantarmu tana tambayar jadawali da kuɗin wata, ta karɓi bayani ta tafi, bayan wasu watanni ta dawo ta sake yin tambayoyin nan dai. Sana'arta sarin wake da gyaɗa daga Tudun Hatsi tana aunarwa a gida. Rannan na ce mata ta zauna a bencin baya, na ba ta takardar tambayoyin Lissafi na wata shekara da ta wuce, na ce ba jarrabawa ba ce, babu mai ganin makin sai ni da ita. Ta riƙe fensir kamar zai ƙone ta, ta rufe takardar da gefen hijabinta don kada ta kusa da ita ta leƙa. Da muka duba, tambayoyin riba da faɗuwa da na kaso cikin ɗari duk ta ci su, wasu ma da ka ta lissafa ba ta rubuta komai ba, domin abin da take yi ke nan kullum tsakanin buhu da mudu. Inda ta kife shi ne aljabara da lissafin kusurwa. Ta shigo tana cewa ba ta iya Lissafi ba, ta fita tana cewa abu biyu ne ba ta iya ba, kuma tsakanin waɗannan maganganu biyu akwai tazara mai nisa, domin ta farko ba ta da magani, ta biyu kuwa ana gama ta a watanni kaɗan. Da ta zauna jarrabawar, a karon farko ta samu C5.

Saboda haka aikinki na farko a wannan mako shi ne ki sayi littafin tambayoyin shekarun baya, ana samun sa a shagunan littattafai na babbar kasuwa, ki zaɓi shekara ɗaya, ki amsa sashen canki-canka, wanda a jarrabawar WAEC tambaya 50 ne, sannan ki duba amsoshin da ke bayan littafin. Ko maki goma kika samu kin ci riba, domin kin san inda za ki fara. Ki kuma tuna cewa ba A1 ake nema a wurinki ba. C6 ma kiredit ne, kuma tsakaninsa da D7 ɗin da kike da shi mataki ɗaya ne. Yawancin manyan makarantu suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, ke nan sauran darussan da kika ci tun farko suna nan daram, ba su lalace don sun daɗe ba.

Abu na biyu shi ne ki ɗaure kanki da rana da kuɗi, tun kafin ki ji kin shirya. Mutane da yawa suna jiran ƙarfin gwiwa ya zo sannan su fara, alhali a abin da na gani ƙarfin gwiwar yakan biyo bayan aiki ne, ranar da mace ta warware tambayar da jiya ta gagare ta. Ki duba yadda muke da adashe. Ba mu fashin zubi ko muna cikin matsi, saboda akwai ranar da aka yanke, akwai uwar adashe da za ta aiko yarinya ƙofar gida, akwai kuma kunyar sauran mata. Burin da ba shi da rana, ba shi da mai tambaya, ba a zuba masa ko sisi ba, shi ne ake ta turawa gaba. NECO tana yin jarrabawar masu zaman kansu a ƙarshen shekara, wajen Nuwamba da Disamba, WAEC kuwa tana yin tata sau biyu, ɗaya a farkon shekara, ɗaya a can ƙarshenta. Ki zaɓi ɗaya yau, ki ware kuɗin daga kwasarki ta gaba, ki damƙa wa maigida ko wata amintacciya da sharaɗin ba za a ba ki su don wata hidima ba. Kafin ranar kuma ki duba cewa suna da ranar haihuwar da ke kan NIN ɗinki sun dace da na tsohuwar takardarki, domin na ga mata da yawa da wannan ɗan saɓani ya tsayar da su a shagon rajista, gyaran ya ɗauki lokaci, shi ke nan sabon uzuri ya samu.

Game da lokacin karatu, kada ki ce za ki riƙa yi idan kin samu sarari, sarari ba ya zuwa gidan mai yara huɗu. Wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya nuna a 1999 cewa wanda ya ƙayyade lokaci da wurin da zai yi abu ya fi wanda ya tsaya a kan niyya kawai cika alkawarinsa. Mu kuwa Allah Ya hutar da mu, ranarmu a yanke take da salloli biyar. Ni lokacin da nake nawa karatun, bayan sallar asuba nake yi, a kan dardumar da na yi salla, littafin yana ajiye a ƙarƙashinta tun da dare don kada in tashi neman sa in biya ta kicin. Rabin sa'a ya isa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta, ya kuma ce aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Wayarki kuma ki bar ta a wani ɗaki har ki gama, don minti biyar na WhatsApp ba ya tsayawa a biyar. Ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi kika rasa karatu, washegari ki ci gaba daga inda kika tsaya, kada ki ce sai kin rama, kada kuma ki zauna zagin kanki, domin zagin kai yana ƙara wa littafin nauyi ne har ki ƙi buɗe shi.

Masu dariya suna nan, ba zan ce miki babu su ba. Za a samu wadda za ta ce da girmanki za ki zauna aji ɗaya da sa'o'in 'yarki. Shawarata ita ce kada ki yi shela a dangi. Ki gaya wa mutum biyu: maigida, da mace ɗaya wadda za ta riƙa tambayar ki duk Juma'a shafi nawa kika yi, in da hali wadda ita ma take shirin zama. A zauren jarrabawar masu zaman kansu kuwa za ki tarar da magidanta masu furfura, da ma'aikata, da mata masu ciki, kowa ta kansa yake yi.

Na ga wani ɗan'uwa ya ba ki shawarar ki biya kuɗi a irin cibiyoyin da ake rubuta wa mutum amsa a allo, ki huta. Ina girmama shi, amma ban yarda ba. Ban da haramcin abin da haɗarin a riƙe sakamakon cibiyar gaba ɗaya, ke matsalarki shakkar kai ce, kuma takardar da kika san ba guminki ba ce za ta tabbatar miki da wannan shakka ne har ƙarshen rayuwa. Irin waɗannan ɗalibai su ne ke shiga babbar makaranta su kasa ɗaga hannu a aji. Idan kika zauna da kanki kika sake samun D7, kin yi asarar kuɗin rajista ne kawai, karatun yana nan a kanki, kuma wata jarrabawar tana tafe cikin 'yan watanni.

Ki lazimci addu'ar da Annabi ya kasance yana yi ta neman tsari daga gajiyawa da kasala, ki yi istihara sau ɗaya a kan lamarin, amma kada istiharar ta zama wata hanyar jira, kina cewa sai kin yi mafarki. Abu ɗaya kawai zan keɓe: idan nauyin da kike ji ya wuce batun karatu, ba kya barci, abinci ba ya miki daɗi, abin da kike so da duk ya fita ranki, musamman in bayan haihuwa abin ya fara, to wannan maganar likita ce, ki je asibiti a duba ki.

Bayan takarda ta gyaru hanyoyi suna da yawa, kuma ba duka ne ke raba mace da gidanta ba. Akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a nan cikin gari, akwai shirin NCE na Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ake yi a ƙarshen mako da lokacin hutu, akwai jami'ar karatu daga gida ta NOUN mai cibiya a Gombe, ga kuma Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004. Amma kada ki ɓata wata guda kina auna wacce ta fi, wannan zaɓin na baɗi ne. Na bana shi ne tambaya 50 ɗin nan. Idan kin amsa su, ki turo mini lambobin waɗanda kika faɗi ta hannun shugabar zaure, ba sai kin bayyana sunanki ba, ni kuma zan tsara miki batutuwan da za ki fara da su da waɗanda za ki bari sai ƙarshe.