Kira yana shigowa ba mai ɗauka: sai na sayi akwatin rarraba kira?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan masarufi a sari a kasuwar Singa, Kano. Ina da shago, da sito a wani wuri daban, da yara shida. Lambar da kowa ya sani ɗaya ce, kuma tana hannun babban yarona. Abokan ciniki daga Katsina har Maraɗi suna ƙorafin layi a cike yake ko ba a ɗauka. Wani mai haɗa kayan sadarwa ya ce in sayi akwatin PBX, wato mai rarraba kira, da wayoyin tebur, amma kuɗin da yawa. In saya, ko akwai wata hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi.

Kada ka saya tukuna. Akwatin ba shi da laifi, yana yiwuwa ma nan gaba ka buƙace shi, amma ba ya yanke wa kowa shawara. Abin da ka faɗa masa shi zai yi. Idan ba ka tsara inda kira zai nufa ba lokacin da layi ke cike, ko aka ƙi ɗauka, ko aka rufe shago, za ka kashe kuɗi kuma ƙorafin yana nan.

Akwai abin da ya fi damuna a tambayarka. Ka ce lambar tana hannun yaronka. Da sunan wa aka yi mata rajista? Tun Disamba 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN a Najeriya, kuma a wurin kamfanin waya mai layi shi ne wanda sunansa ke kan rajistar. In na yaron ne, ranar da ya buɗe nasa shagon zai tafi da lambar da duk masu kiranta, ba kuma ka da ta cewa. Ba zargin sa nake yi ba, kowane yaron kirki burinsa ya tsaya da ƙafarsa. Ku je ofishin kamfanin tare tun kuna shiri, a mayar da rajistar sunanka ko sunan kamfaninka. Wannan ya zo gaban duk wani saye.

Daga nan ɗauki takarda ka rubuta amsar tambayoyi uku. In layin a cike yake, wa zai karɓa? In ya yi ta ƙara ba a ɗauka ba, wa? In wayar a kashe take ko ba sabis, wa? Layin da ke hannunka zai iya yin duk ukun yau, domin karkatar da kira yana cikin tsarin GSM tun asali. A wayar da babban layin yake, danna **67* sai lambar mutum na biyu sai #, ka kira. Wannan na layi a cike ne. Na rashin ɗauka shi ne **61* sai lambar, sai **20#, wato bayan sakan 20 kiran ya wuce gaba. Ana iya sa daga sakan 5 zuwa 30. Ni na fi son 15 ko 20, don mai kira daga nesa ba ya jira har ƙarar ta ƙare. Na wayar da ke kashe kuwa **62* ne da lambar da #. In abu ya rikice, ##002# yana share duka.

Ga inda mutane ke tuntuɓe. Idan jiran kira a kunne yake, layinka ba ya nuna a cike: kira na biyu zai tsaya yana jira, yaron yana can yana ciniki bai kula ba. Kashe shi da #43# don kiran ya wuce kai tsaye ga na biyu. Kuma kuɗin ɓangaren da aka karkatar daga katinka ake cirewa, ba daga na mai kira ba, saboda haka kada kati ya ƙare a babban layin. Sannan waɗannan lambobin ba su taɓa kiran WhatsApp, shi ta intanet yake bi. Don saƙonni da hotunan rasit, WhatsApp Business yana barin ka haɗa ƙarin na'urori har huɗu a kan lamba ɗaya.

Kiran da ke tsakanin shago da sito, tambayi kamfanin layinka tsarin CUG, inda ake biyan kuɗi tsayayye a wata, 'yan rukuni su riƙa kiran juna. Ka nemi su bayyana maka ko kiran da aka karkatar yana cikin kuɗin.

Gwada wannan wata ɗaya, kana duba jerin kiran da aka rasa kowace yamma. In har yanzu mutum uku ko huɗu suna kira a lokaci guda, ko kana son yaron shago ya miƙa wa na sito kira ba tare da an ce wa mai saye "sake kiran wannan lambar" ba, to lokacin akwatin ya yi. Akwai na ajiyewa a shago irin Yeastar da Grandstream, akwai kuma wanda ake haya a intanet ana biya wata-wata. Na haya ya fi sauƙin farawa, sai dai duk ranar da intanet ta yanke, wayarka ta yi shiru.

In ka saya, zauna da mai haɗawa, kada ka bar masa shi kaɗai. Ce masa babbar lamba ta kaɗa wayoyin masu sayarwa gaba ɗaya, wanda ya riga ɗauka nasa ne, in an wuce sakan 20 ta faɗa wayar hannunka. A sa jadawalin buɗewa da rufewa, har da lokacin sallar Juma'a, kuma a nuna maka yadda za ka sauya shi da kanka in azumi ya zo. Zai so ya sa maka muryar nan mai cewa danna ɗaya, danna biyu. A kasuwarka ban goyi baya ba. Mutumin da zai turo kuɗin mota guda ta kaya so yake ya yi sallama a amsa masa, a tambaye shi gida da hanya. Bar muryar ta yi aiki bayan an tashi kawai, da Hausa, gajeruwa, ta faɗi lokacin buɗewa.

Maganar tsaro kuwa maganar kuɗi ce tsagwaronta. Ɓarayi suna bin intanet suna neman akwatunan da aka bari da kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta, su shiga cikin dare su yi ta kiran ƙasashen waje masu tsada, mai akwatin ya tashi da bashi. A sauya kalmar sirri ta kowace waya. A rufe kiran ƙetare baki ɗaya, sannan a buɗe 227 ta Nijar a waya ɗaya ko biyu, tunda kana da mutanen Maraɗi. Kalmar sirrin shiga akwatin ta zauna a hannunka, ba a hannun mai haɗawa kaɗai ba. In kana son naɗar kira saboda gardamar farashi, sanar da mai kira tun farko, don dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi irin wannan.

Kira ɗaya ba ya cin data mai yawa, bai kai kilobit 100 a sakan ba. Abin da ke ɓata murya shi ne cunkoso, idan yara suna kallon bidiyo a kan rauta, wato na'urar raba intanet, da wayoyin ke amfani da ita. A saita ta ta ba murya fifiko. In ana jin ka kai ba ka jin mai kira, ce wa mai haɗawa ya duba saitin SIP ALG a rauta, sau da yawa kashe shi ne maganin. Akwatin da rauta su zauna a kan inbata ko sola, a shago da sito duka. Kuma kada ka biya cikon kuɗinsa sai an zare wuta a gabanka, ka kira lambar da wata wayar, ka ji ta faɗa wayar hannunka.