Amsa ga mai tambayar motocin da muke so kamfanoni su ƙera mana

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wallahi tambayarka ta taɓa ni, domin ciwon da ke damunka shi ke damun duk wanda aikinsa ya kai ga shimfiɗa titi a gefen layin dogo. Ka ce kana haɗa ƙaramin samfurin tashar jirgin ƙasa ta Kano ta shekarun 1970 a kan teburi, a ma'aunin HO, wato 1:87, inda ake rage girman komai sau 87, kan jirgi da taragai sun samu, amma filin gaban tasha wayam, shi ne kake tambayar waɗanne motoci ya kamata mu haɗa baki mu nema a fitar. Ni dai abin da nake roƙo shi ne motocin yau da kullum, irin waɗanda ba mai waiwayarsu a titi. Su ne babu, kuma su ne ke sa teburi ya yi kama da gari.

Ga zamanin da ka zaɓa, ta farko ita ce roka, Marsandi 911 mai gajeren hanci, da bodin katako. Kanta yana samuwa, don kamfanonin Jamus irin su Brekina da Wiking sun yi wannan kan a 1:87, amma galibi za ka tarar da shi sanye da jan fenti a matsayin motar kashe gobara, ko da bodin tamfol irin na Turai. Abin da muke so shi ne a sayar mana da kai da shasi kawai, ba fenti, a bar mana bayan mu gina da kanmu. Sai Bedford mai dogon hanci, sai Peugeot 404 akori-kura, sai 504 doguwa ta haya mai kaya a saman rufi. Fijo 504 gajera tana samuwa a HO, amma doguwar da akori-kurar su ne motocin tashar mota, kuma tun da aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975 ba za ka yi titin Arewa babu su ya gamsar da kowa ba. A ƙara da tsohuwar Hiace ta kiya-kiya, da tifa, da tankar mai ƙarama, da tarakta. Kada a manta da ƙananan abubuwa: babur, keke mai ɗauke da kaya, kurar ruwa, amalanke. Waɗannan su ne suka fi yawa a bakin kowace tasha. Masu yin zamanin yanzu, misali layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, a-daidaita-sahu suke nema ido rufe, amma kai kada ka saka ta, bayan shekara ta 2000 ta shigo.

Abin da ya fi ƙona min rai kuwa ba rashin motocin ba ne, ƙaryar ma'auni ce. Wasu masu ƙera kayan nan suna rubuta 1:87 ɓaro-ɓaro a jikin kwali, alhali motar an yi ta ne daidai girman kwalin. Ƙaramar mota da babbar gingimari duk tsawonsu ɗaya, saboda kwali ɗaya ake zuba su. Mutum ya tara kuɗi, ya biya na aikowa wanda sau da yawa ya fi kuɗin motar, ya jira makonni, kaya su iso, ya ajiye motar kusa da ɗan mutum-mutumin HO na kamfanin Preiser, sai ya ga rufinta ya wuce kan mutumin. Ba mayarwa, ba ban haƙuri. Kuma hoton da suke nunawa ba su taɓa ajiye rula a gefe, don sun san abin da suke yi. Wannan cin amana ne, ba kuskure ba. Ga kuma waɗanda za su sanar da sabuwar mota, su nuna zane mai kyau, su ce a yi rajistar oda tun kafin a ƙera, mutane su tsara titinsu a kanta, wani ma ya bar gurbi a gaban sito saboda ita, shekara ta zagayo, wata ta zagayo, sai a share ta daga jerin kaya shiru, ko kalma ɗaya ba za a ce ba. A wannan tsakanin kuma sun fito da motar tsere guda a launi goma. Wa ke ajiye motar tsere a bakin sito? Har yau abin nan yana ɓata min rai, domin mafi yawan waɗanda ake yi wa haka sababbin shiga ne, kuma daga nan wasu ke watsar da sha'awar baki ɗaya.

Don haka kafin ka biya ko sisi, ka nemi mai sayarwa ya gaya maka tsawon motar a milimita, ka yi lissafi da kanka. Tsawon 504 gajera mita 4.49 ne. Raba da 87, ya kamata ta zo milimita 52 ko kusa. Idan aka ce maka 59, ta OO ce ta Ingila, wato 1:76. Idan aka ce 70, ta 1:64 ce, girman da yawancin motocin wasan yara ke kewayawa. A ma'aunin N na 1:160 milimita 28 za ta zo. Ta OO ta fi ta HO girma da kusan kashi 14 cikin ɗari, ta 1:64 kuwa da kashi 36. Babbar mota ta OO tana iya ɓuya idan ka ajiye ta can gaba ita kaɗai, ba kusa da ta HO ba, domin ido bai cika sanin ainihin girman gingimari ba. Ƙaramar mota ba ta ɓuya. Motocin roba masu arha na 1:100 da masu zanen gini ke amfani da su kuma, can baya ake kai su kusa da bango, su sa wurin ya yi kamar da nisa.

Akwai abin da mutane ke mantawa, gefen sitiyari. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972. Idan teburinka kafin ranar ne, motoci su bi hagu, sitiyari a dama, a nan Land Rover da Bedford irin na kamfanin Oxford Diecast suna da amfani duk da girmansu na 1:76. Idan bayan ranar ne, sababbin motoci sitiyarinsu a hagu, tsofaffin da suka rage suna nan da nasu a dama amma suna bin sabon hannu. Cakuɗa su a titi ɗaya daidai ne ga tsakiyar shekarun 1970.

Na san ba ka tambayi layi ba, amma ka yi haƙuri in faɗa. Tsohon layin Legas zuwa Kano faɗinsa milimita 1,067 ne. A 1:87 wannan ya zama milimita 12 da ɗoriya, ke nan layin milimita 12 shi ne daidai, ba na 16.5 da aka saba amfani da shi a HO ba. Wanda ya riga ya shimfiɗa na 16.5 kuma yana son daidaito, ma'aunin 1:64 shi ke hawa wannan layin kusan cif, kuma a nan ne motocin ƙarfe suka fi yawa a kasuwa. Kan jirgi da taragai ne za su zama aikin hannu.

Dalilin da kamfanoni ke ƙin irin motocinmu a fili yake. Mazubin ƙarfe da ake zuba robar a ciki yana da tsada ƙwarai, ga lasisin da ake biyan mai ainihin motar. Motar kashe gobara ko bas ana iya sake mata fenti da sunan gari bayan gari a sayar wa masu tarawa, mazubi ɗaya ya yi ta haihuwa. Saboda haka roƙonmu ya zama mai sauƙin karɓa. Mu nemi kai ɗaya da shasi ɗaya wanda zai ɗauki bodi iri-iri, mu nemi fakiti mai mota shida ko goma ba fenti, gilas a ware, tayoyi a ware. Kuma mu nemi na roba, ba na ƙarfe ba. Wanda ke loda motoci a kan tarago ya san dalili: na ƙarfe suna kai nauyi sama, tarago ya riƙa kifewa a kwana. Ƙa'idar da ƙungiyar NMRA ta masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa a Amurka ta ba da shawara a HO ita ce giram 28, a ƙara giram 14 kan kowane inci na tsawon tarago, wato tarago mai inci 6, kusan santimita 15, ya tsaya wajen giram 112 har da kayansa. Ka ɗora komai a sikeli kafin ka manna. Idan za a aika roƙon, a haɗa da hotunan motar gaba da baya da gefe, da tsawo da faɗi da tazarar tayoyi, da adadin mutanen da za su saya da gaske.

Kafin su ji mu, ga yadda za ka mai da motar gobara roka. Juya ta, idan ta ƙarfe ce ka huda kan ƙusoshin da ke ƙasa da bakin diril na milimita 2.5, a hankali, kan kawai za ka cire. Ta roba yawanci maƙale take, siririn wuƙa ya isa. Cire gilas ka ajiye shi nesa kafin fenti ya zo kusa. Yanke bodin baya, ka gina na katako da siraran roba masu kaurin rabin milimita da faɗin 1.5 zuwa 2, domin katako mai faɗin santimita 15 milimita 1.7 yake zama. Tsinken ashana ya yi kauri sai an goge shi da sanfefa. Tamfol kuma takardar tishu ce, a jiƙa ta da farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa rabi da rabi, a lulluɓa kan kaya, ta bushe kwana guda sannan a yi fenti. Buhun gyaɗa ya zo wajen milimita 11.

Don Allah kada ka manna gilas da sufa gulu. Tururinsa yana sa gilas ya yi fari fat daga ciki, kuma ba ya goguwa da sauƙi. Farin gam ya isa. Fesa banish marar sheƙi a jikin motar kafin ka mayar da gilas, domin sheƙin nan shi ke tona asirin kayan wasa. Cikin motar a shafe shi da duhun launi, a saka direba, sai ka datse masa ƙafafu kafin ya zauna. Goga ƙasan kowace taya kaɗan da magagari don motar ta zauna kamar mai nauyi, kuma idan a kwana za ta tsaya, lanƙwasa tayoyin gaba. Ƙura a yi ta da garin alli mai launin jar ƙasa, a tayoyi da ƙasan bodi.

Waɗanda ake bugawa da na'urar 3D da rezin, wani nau'in roba, su ne mafita mafi kusa ga a-daidaita-sahu da kura da akori-kura. Ka nemi a buga da kaurin layi 0.03 zuwa 0.05 na milimita, in ba haka ba layukan za su fito a rufi ko bayan fenti. Wanke su da sabulu da ruwa mai ɗumi kafin fentin farko, in ba ka yi ba zai ɓare. Sirarin wurare irin madubi da ƙarfen rufi suna karyewa da wuri, gara ka cire su ka sa waya mai kaurin 0.3. Kuma kada ka bar su a mota ko kusa da taga lokacin bazara, shasi zai lanƙwashe har taya ɗaya ta daina taɓa ƙasa. Idan ya faru, tsoma shi a ruwan zafi na ɗan lokaci, ka danne shi a kan gilas har ya huce.