Motar haya ko katin jirgi? Amsa ga masu shirin Istanbul da Madina

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a nan Sakkwato, ina zaune a Mabera. Bayan Babbar Sallah, in Allah ya kai mu, zan tafi Istanbul hutu na mako guda tare da mai ɗakina da Inna, wadda ta haura shekara 70 kuma tana fama da ciwon gwiwa. Ejan ɗin da ya yi mana biza ya ce in ƙara kuɗi ya haɗa mu da mota da direba na duk kwanakin, wai wanda ba ya jin Turkanci ɓata yake yi. Kuɗin ya kusa kai na otal. In biya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kai mu, ya ƙara wa Inna lafiya. Kada ka biya na mako guda. Rabin kuɗin a cunkoso zai ƙare, kana zaune kana kallon tarago, wato jirgin ƙasa mai bin titunan cikin gari, yana wuce ka.

Abin da za ka fara saye shi ne Istanbulkart, katin da ake shiga kusan kowane abin hawa na gwamnati da shi: bas, tarago, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har jirgin ruwa. Akwai injinan sayar da shi a tashoshi, ka saka takardar lira ka loda. Kati ɗaya yana iya wuce da ku ukun, ka ɗora a ƙofa Inna ta shige, ka sake ɗorawa Hajiya ta shige, sannan kai.

Inda ya kamata kuɗinka ya tafi shi ne wurin kwana. Ka nemi otal kusa da layin tarago mai lamba T1, wanda ya taso daga Kabatas zuwa Bagcilar. Kusan duk abin da ke kai mutanenmu garin yana kan wannan layi. Tashar Sultanahmet ita ce ta Masallacin Sultan Ahmad da Aya Sofiya, wadda aka mayar masallaci a 2020; ƙofar masu sallah daban, ta masu kallo da ke biyan kuɗi daban. Can bayanta Fadar Topkapi take, inda aka ajiye takubba da kayayyakin da ake dangantawa da Manzon Allah (SAW) da sahabbai, ana ta karatun Alƙur'ani a ɗakin. Ba a buɗe ta ranar Talata. Tashar Beyazit ita ce ta babbar kasuwar nan mai rufi, ita kuma Lahadi take hutu. Gaba kaɗan sai Laleli, wurin 'yan sari. Na san ɗan kasuwa ba zai wuce nan bai sauka ba, ko da ya rantse hutu ya zo.

Kafin ka biya otal, ka buɗe taswira ka ga minti nawa ne a ƙafa zuwa tasha, kuma ka tambaye su ko hanyar hawa ce. Istanbul gari ne na tuddai da titunan dutse, ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar daga Kanwuri zuwa Hubbare. Tafiyar minti 5 a taswira tana iya zama wahala ga gwiwar tsohuwa.

To a nan ne mota take da amfani, amma a wurare ƙalilan. Na farko ranar sauka. Filin jirgin yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsohon gari. Akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba M11 da aka buɗe a 2023, sai dai ba ya kaiwa Sultanahmet, dole a canza layi a yi doguwar tafiya cikin tasha da akwatuna. Ku ɗauki tasi ko bas ɗin filin jirgin mai suna Havaist. Na biyu Masallacin Sulaimaniyya, wanda shahararren magini Sinan ya kammala a 1557, domin a kan tudu yake. In za ka hau tasi, ka tabbata direba ya kunna mita, kuma ka faɗi adadin kuɗin da kake miƙa masa da baki. Wasu direbobin sukan musanya takardar da ka ba su da ƙarama, su ce ita ka miƙa.

Ziyarar kabarin Abu Ayyub al-Ansari (RA) a Eyupsultan ba ta buƙatar mota. Tarago T5 daga Eminonu, wadda ita ma tasha ce a kan layin T1, yana bin gaɓar ruwa ya kai ku. Daga Eminonu ɗin kuma ku hau jirgin ruwa zuwa Uskudar da katin nan naku. Cikin kimanin minti 20 kun bar Turai kun shiga Asiya, Inna na zaune kan benci, mai shayi na zagayawa da ƙananan kofunan gilashi, tsuntsaye na bin jirgi suna cafe gutsuren burodi a iska. Wannan ruwan dai shi ake sayar wa baƙi da tsada da sunan yawon teku.

Ku guji fita da sassafe da kuma bayan La'asar lokacin tashi daga aiki, T1 yana cika maƙil. Waya da fasfo kada su zauna a aljihun gefen riga.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce daga Arkilla. Za mu je Umara da 'yan'uwana mata. Daga Madina zuwa Makka, jirgin ƙasa ya fi ko bas ɗin da kamfani ya tanada?

Amsa: Malama, in kayanku ba su da yawa, ku hau jirgin Haramain. An buɗe shi a 2018, tsawon layin kusan kilomita 450, yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa, tafiyar ba ta kai awa 3 ba. A bas kuwa ku ƙaddara awa 5 ko 6. Amma jirgin yana ƙayyade kaya, babban akwati ɗaya da jakar hannu, don haka in an riga an yi sayayyar dabino da abayoyi a Madina, bas ya fi muku sauƙi. Tikiti a saye shi tun da wuri ta intanet, musamman a Ramadan. Tashar Makka tana Rusaifa, sai kun ƙara da tasi ko bas zuwa Harami.

Abin da aka fi mantawa: jirgin ba ya tsayawa a Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina, kuma yana wuce wurin jim kaɗan bayan tashi. Ku yi wanka da shirin harama tun a masauki, ku tambayi malamin tawagarku daidai lokacin ɗaukar niyya kafin ranar tafiya.