Tambayi Malam: 'Yata tana cin 90 a gwaji, amma D aka ba ta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bara muka koma Amurka da zama saboda aikin maigidana. 'Yata mai shekara 15 tana aji tara. A makarantar da ta baro ba ta taɓa wuce ta uku a ajinsu ba. Yanzu sakamakon zango ya fito, an ba ta D a bayoloji. Na duba takardunta da kaina, gwaji uku suka yi, ta ci 92, 88 da 90. Sai dai akwai wani babban aikin gida da ba ta miƙa ba a makon da ta kwanta rashin lafiya, aka sa mata sifili. Babanta ya ce wasa ta sa a gaba, har ya karɓe mata waya. Sannan takardar ba ta nuna ta nawa ta zo ba, sai wani abu wai GPA. Nata 3.1, na 'yar maƙwabciyarmu 4.3, alhali an ce min 4 ne ƙarshe. Malam, yarinyar ce ta lalace ko ni ce ban gane kan abin ba? — Wata uwa

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa yarinya lafiya. Kafin komai, ki roƙar mata wayarta a wurin Alhaji. Yarinyar da ta ci 92, 88 da 90 a ƙasar da ba ta shekara biyu a cikinta ba, ba ta lalace ba. Lissafi ne ya kayar da ita, kuma bari mu yi lissafin tare.

Ki ɗauka dukkan ayyukan huɗu nauyinsu ɗaya. Ki tara 92 da 88 da 90, kin sami 270. Ki ƙara sifili, yana nan 270. Ki raba gida huɗu, 67.5 ke nan. A yawancin makarantun sakandaren Amurka, A tana farawa ne daga 90, B daga 80, C daga 70, D daga 60, duk abin da ya gaza 60 kuma F ne, wato faɗuwa. To kin ga inda 67.5 ta ajiye ta.

Yanzu ki lura da tsarin tsanin. Kowane harafi daga A zuwa D maki goma ne faɗinsa, amma F ita kaɗai ta kwashe maki sittin. Saboda haka sifili guda ba matakala ɗaya yake sauko da yaro ba, rami ne yake jefa shi. Da a ce da haruffa aka yi lissafin, A maki 4, B maki 3, F sifili, da 'yarki ta sami 4 da 3 da 4 da sifili, jimla 11, a raba huɗu ya ba da 2.75, wanda ya kusa B. Yarinya ɗaya, aiki ɗaya, an canza mudun awo kawai, ta tashi daga D ta doshi B. Wannan ne ya sa wasu gundumomin ilimi a can suka kafa dokar cewa ba a ba ɗalibi ƙasa da 50, kuma malamai suna ta kai ruwa rana a kai. Masu adawa suna cewa yaya za a ba wanda bai ɗaga alƙalami ba rabin maki. Ni kam ina ganin kowane ɓangare da gaskiyarsa, amma na fi karkata ga a tilasta wa yaro ya kawo aikin ko da a makare, a rage masa wani abu, maimakon a sa sifili a rufe littafi. Sifili ba ya koya wa kowa bayoloji.

Na san abin da ke ƙara ɗaure miki kai. Wanda ya saba da tsarin WAEC ya san 75 A1 ce, 50 kuwa C6, kiredit mai kyau da ake shiga jami'a da ita. A can Amurka 75 ɗin nan C ce, 50 kuma faɗuwa ce warwas. A Faransa da ƙasashen da suka gaji tsarinta kamar Nijar, bisa 20 ake awo, 10 ita ce tsira, kuma wanda ya sami 16 a jarrabawar bakaloriya, wato ta kammala sakandare, ya sami yabo mai girma. A Jamus ma juye abin yake, 1 ce ta fi kyau, 6 ce ta ƙarshe. Ingila ta sauya haruffan GCSE, jarrabawar 'yan sakandarenta, zuwa lambobi daga 9 zuwa 1 tun daga 2017. Ba wai yaran wata ƙasa sun fi na wata ƙwaƙwalwa ba ne. Inda aka sa A a 75, akan tsaurara tambaya da maki yadda 75 ɗin za ta yi wuyar samu. Inda aka sa ta a 90, akan tsara gwaji yadda yaron da ya bi darasi zai amsa kusan duka. Lamba ba ta da ma'ana sai an san tsanin da aka ɗora ta.

Babban bambancin da ya kamata 'yarki ta riƙe shi ne wannan: ta fito daga inda jarrabawar ƙarshe ce sarki, ta shiga inda ake ƙirga komai. Aikin gida, ƙananan gwaje-gwaje, aikin rukuni, wani lokaci har ɗaga hannu a aji, duk suna shiga cikin harafin nan guda. Kowane malami yakan raba takarda a farkon zango da ke nuna kaso nawa ya ba kowane abu. Ki nemo ta, tana iya kasancewa a ƙasan jakarta a dunƙule. Harafin D da kika gani ya cakuɗa abu biyu, sanin darasi da cika aiki a kan lokaci, ya fito da su a matsayin abu ɗaya. Wajen sanin darasi 'yarki ta yi zarra. Wajen cika aiki kuwa ta yi tuntuɓe sau ɗaya, da uzuri.

Batun GPA kuwa mai sauƙi ne: ana mai da harafin kowane darasi lamba, a fitar da matsakaici. Yadda 'yar maƙwabciyarki ta haura 4 shi ne, makarantu da yawa suna ƙara nauyi ga darussa masu wuya, musamman waɗanda ake kira AP, masu matakin shekarar farko ta jami'a. A cikinsu A takan zama maki 5 maimakon 4. Ke nan 4.3 ɗinta da 3.1 ɗin 'yarki wataƙila ba ma da mudu ɗaya aka auna su ba. Jami'o'i sun san da haka, shi ya sa da yawansu suke sake lissafin da nasu tsarin, suna duba irin darussan da yaro ya ɗauka.

Game da "ta nawa ta zo", makarantu da dama a can sun daina sanar da shi, kuma ni ban yi kewarsa ba. Na shekara da shekaru ina rubuta shi a takardun yara da jan biro. Na tuna wata shekara da tsakanin ta biyu da ta tara a ajina bai kai maki uku ba a matsakaici, amma ta biyu aka yi mata ɗinki, ta tara aka yi mata faɗa. Matsayi a aji yana ba ki labarin sauran yaran ne fiye da labarin ɗanki.

Abin yi yanzu: ki rubuta wa malamin bayoloji saƙo, ki haɗa da shaidar rashin lafiyar, ki tambaya ko za a karɓi aikin. Makarantu galibi suna da ƙa'idar rama aiki ga wanda ya yi fashi da uzuri, amma sai an sanar da ofis a kan lokaci, abin da sababbin zuwa ba su cika sani ba. In malamin ya ce lokaci ya wuce, ki nemi ganin mai ba ɗalibai shawara na makarantar. Kada ki ji nauyi, a can iyaye suna yin haka kullum. Ki kuma karɓi lambar shiga shafin makarantar na intanet inda ake sa maki, ki riƙa leƙawa mako-mako, don makin aji tara yana cikin abin da jami'a za ta gani.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe. Mun rubuta insha'i, abokina ya sami 71 ni na sami 58, kuma wallahi nawa ya fi nasa. Ina ganin malamar ba ta ƙaunata ne. — Wani ɗalibi

Amsa: Ɗana, ban karanta ko ɗaya ba, don haka ba zan raba muku gardama ba. Amma ba sai an ƙi mutum ake ba shi makin da bai dace ba. A 1912 wasu masana biyu a Jami'ar Wisconsin, Daniel Starch da Edward Elliott, sun aika kwafin takardun jarrabawar Turanci guda biyu ga malaman sakandare, 142 suka duba suka mayar. Takarda ɗaya ta sami maki daga 64 har 98, ɗayar daga 50 har 97. Babu malamin da ya san yaran balle ya ƙi su. Da suka maimaita da takardar lissafi, tazarar ma ta fi haka faɗi.

Ni kaina na taɓa duba takardar wani yaro da daddare na ba shi 12 bisa 20, ta ɓace a cikin tari, na sake cin karo da kwafinta bayan kwana uku da safe na ba ta 15. Tun daga ranar na daina duba insha'i ba tare da na fara rubuta ma'auni ba: kaza ga tsari, kaza ga hujja, kaza ga nahawu da rubutu.

Wannan ma'aunin za ka nema. Ka bar maganar abokinka a waje, domin da ka ambace shi ka rufe ƙofa. Ka sami malamar bayan an tashi, da takardarka a hannu, ka ce, "Malama, don Allah a nuna min inda maki 42 ɗin suka zube, ina so in gyara." In ta nuna maka su ɗaya bayan ɗaya, ka sami darasi kyauta kafin babbar jarrabawa. In ta kasa nuna wasu, sau da yawa za ka ga ta ɗauki biro da kanta.