Amsar Tambayarki Kan Tsimin Bawo da Ake Ba Shuka

Assalamu alaikum ɗiyata. Da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Na ga saƙonki, kina tambayar abin da ya sa manya ba sa yarda a watsar da bawon ayaba da na ƙwai da ruwan wankin shinkafa, sai dai a kai su gindin shuka, da kuma ko tsimin bawon nan da kike gani a Facebook shi ne abin da suke yi.

Al'adar tana da tushe, kuma ba ta mutanen wata ƙasa ɗaya ba ce. Duk inda aka taɓa noma an lura cewa tsohon juji ya fi ko'ina fitar da shuka kore shar. Masu lambu a Ingila da Faransa sun daɗe suna tsima wani haki mai ƙaiƙayi a ganga su ba tumatir. A Japan kuma wani malamin aikin gona, Teruo Higa, ya yaɗa hanyar tsima sauran abinci a rufaffen bokiti tun shekarun 1980, ana ce mata bokashi.

Manya da ido suka gane, masu bincike suka zo daga baya suka faɗi dalili. A 1840 Bajamushen nan Justus von Liebig ya fitar da littafin da ya nuna cewa shuka sinadarai take sha narkakku a cikin ruwan ƙasa. Manyan guda uku su ne haruffan NPK da kike gani a jikin buhun takin zamani: naitirojin na ganye, fosfaras na saiwa, fotashiyam na fure da 'ya'ya. To saiwa ba ta da haƙori. Bawo ba ya zama abincinta sai ƙananan halittun da ido ba ya gani sun ruɓar da shi tukuna, su kuwa ba a sa su gaggawa.

Shi ya sa masu cewa a jiƙa bawon ayaba kwana biyu a ga abin mamaki, a ganina sun zuzuta. Ruwan ba zai cutar ba, zai ɗauko ɗan fotashiyam, amma mafi yawan amfanin yana nan cikin bawon da suke tacewa su zubar. Tsofaffi ba su taɓa zubar da shi ba, binne shi suke yi.

In kina son tsimi na gaske, ki samu bokiti, ki yayyanka bawon ayaba, na dankali, na albasa da ganyen da ya yi yaushi ƙanana-ƙanana, su kai rabin bokitin. Ki zuba ruwa ya sha kansu, ki ɗaure bakin da ƙyalle, ki ajiye a inuwa. Ƙyallen nan kada ki raina shi: sauro a ruwa mai kwanciya yake ƙwai, kuma cikin mako guda zuwa kwana 10 ya zama mai cizo. Kada kuma ki ɗura a jarka ki ɗaure murfi tam, domin iskar da ke tasowa tana kumbura ta har ta fashe. Kullum ki sa sanda ki motsa. Za ki ga kumfa tana tasowa da wari mai hawa kai, kada ki tsorata, aikin ne ke tafiya. Bayan mako biyu zuwa uku kumfar ta kwanta, ruwan ya yi duhu, sai ki tace.

Gishiri, mai, nama, madara da ruwan sabulu ba sa shiga. Gishiri yana janye ruwa daga saiwa, nama kuwa ƙuda da ɓera yake gayyata. Ruwan wankin shinkafa da na dafa kayan lambu ba sa buƙatar tsimi, in dai babu gishiri kuma sun huce, ki zuba kai tsaye.

Wajen sirkawa ne aka fi yin ɓarna. Kofi 1 na tsimi, kofi 10 na ruwa, har ki riƙa hango gindin bokiti. Ki fara ba shukar ruwa zalla ƙasa ta jiƙe, sannan ki bi da shi da yamma, a gindi ba a kan ganye ba, musamman latas da duk abin da ake ci ɗanye. Sau ɗaya a mako biyu ya isa. Yabanyar da ta fito jiya-jiya ki ƙyale ta sai ta yi ƙwari.

Bawon ƙwai labarinsa daban. Kusan kashi 95 cikin 100 nasa sinadarin alli ne, wanda da ƙyar yake narkewa a ruwa, ko wata guda ya yi a jiƙe haka za ki tsame shi. Ki shanya, ki daka ya yi lukui, ki cakuɗa da ƙasa. In kina so ya narke, ki zuba masa ruwan khal, za ki ga yana tsatsafo da ƙananan ƙwallayen iska, idan sun tsaya ki sirka sosai. Amma baƙin da tumatir ke yi a gindinsa, wanda ake cewa a sa masa bawon ƙwai, galibi ban ruwa ne bai daidaita ba, yau a cika, gobe a manta.

Toka tana da fotashiyam da kalsiyam, sinadarin da ke cikin alli, sai dai babu naitirojin, wuta ta kore shi. Tana da kaifi, tafin hannu ɗaya a bokiti ya wadatar, kuma ta icce zalla, ba wadda leda ko katako mai fenti ya ƙone a ciki ba. Kada ki haɗa ta da kashin kaji, tana sa naitirojin ɗinsa ya tsere cikin iska.

Diddigar tsimin da ta rage a rariya bayan kin tace, ki haƙa rami kamar taƙi ɗaya ɗan nesa da gindin shuka, ki zuba, ki rufe da ƙasa sosai don kada ƙuda ya samu hanya. Bayan wata biyu ki tona ki duba, in ta koma baƙar ƙasa mai laushi ki dasa barkono ko tumatir a wurin.

Ki gaida yara.

Goggonki