Wani kamfani na neman ƙwace adireshin intanet na shinkafata

Tambaya: Barista, ina da injin gyaran shinkafa a Kura. Shekara biyar ke nan da na yi rajistar adireshin intanet da sunan da nake bugawa a buhunana. Kwatsam sai ga takarda daga wani kamfani a Legas, wai sunan alamar kasuwancinsu ce, in sakar musu ko mu haɗu a kotu. Abokaina sun ce in yanka musu miliyan uku in huta.

Amsa: Malam, ka yi wa Allah kada ka tura musu farashi. Wannan saƙon shi za su fara ɗagawa su ce dama don ka sayar ka kama sunan. Sashe na 25 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko duka biyun, ga wanda ya kama sunan wani da gangan don ya tare masa hanya.

Idan adireshin naka .com ne, mai yiwuwa su kai ƙara cibiyar sasanci ta WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya da ke Janiba, ƙasar Switzerland. A can sai sun tabbatar da abu uku, ba ɗaya ba: sunan ya yi kama da alamarsu, ba ka da wani haƙƙi a kansa, sannan da mugun nufi ka yi rajistarsa kuma kake amfani da shi. Na ukun nan ne ƙarfinka. In ka riga su fara amfani da sunan, da wuya a ce ka kama shi don cutar da su. Saboda haka ka tattara tsofaffin buhuna, rasit na mai buga su, da takardar ranar rajista. Ko ka faɗi, adireshin kawai za a karɓe, ba diyya. Idan kuma .ng ne, hukumar NiRA, mai kula da adireshin .ng, na da nata tsarin sasanci.

Wani abu da ke yaudarar 'yan kasuwarmu: takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba rajistar alamar kasuwanci ba ce. Rajistar alama ofishinta daban, a ma'aikatar ciniki ta tarayya a Abuja. Ka sa lauya ya binciko ko da gaske sun yi rajistar, da kuma shekarar.

In sanarwar ƙara daga WIPO ta shigo imel ɗinka, kwana 20 gare ka ka mayar da amsa. Ko kana tsakiyar girbi ne, ka riƙa duba shi kullum.