Rediyon ɗalibai da taransimitar da aka ƙona min

Kana tambaya yaushe ɗalibai suka fara samun gidan rediyo a makaranta, kuma me ya sa wasu ke mutuwa tun ba su je ko'ina ba. To ajiye wayar nan tukuna, ba na magana da mutum idonsa na ƙasa.

Ku yaran yanzu kun taso kun tarar da FM a kowane lungu, kun ɗauka haka abin yake tun fil'azal. Lokacin da na fara koyon aikin nan na haɗa na'urorin tashar rediyo, in ba gwamnati ba, ba wanda ya isa ya yi ko tari a iska. Sai a 1992, zamanin Babangida, aka yi doka mai lamba 38 aka kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, sannan masu zaman kansu suka samu hanya. Ray Power ta buɗe a Legas a 1994, mu nan Kano sai 2003 Freedom ta zo. A makarantu kuwa, Jami'ar Legas ce ta fara samun lasisi a 2002, ta hau iska a 2004 kan mita 103.1. Daga baya sauran suka biyo, BUK ta samu 98.9. Ƙarfi kaɗan ake ba su, iya harabar makaranta da unguwannin kewaye, don 'yan sashen aikin jarida su koyi karanta labarai da haɗa shiri. Yadda murya ke bi ta makirufo da miksa har ta kai eriya kuwa, in har yanzu sai na gaya maka, gara ka koma sayar da kati.

Abin da ke kashe su shi ne ka sosa min inda ke ƙaiƙayi. Akwai wata kwaleji, ba zan faɗi suna ba, da suka kira ni in haɗa musu tasha. Shugaban kwamitin mutum ne mai babbar riga da daɗin baki, ya ba ni kafin alƙalami, ya ce ciko sai ranar buɗewa. Na lissafa masa komai: sitabilaiza, sandar jan ƙarfe ta atin (mai zubar da rarar wutar lantarki cikin ƙasa) da za a binne da gishiri da gawayi, makarin aradu a kan dogon ƙarfe, da kwaɗon ɗakin taransimita, wato na'urar da ke tura shiri zuwa eriya. Ya ja biro ya soke rabinsu, wai kuɗin rumfa da lemon manyan baƙi ya fi gaggawa. Sitabilaizar ma da aljihuna na saya, don kada sunana ya ɓaci.

Na gama aiki tsaf, ana jin tashar har bakin kasuwa, domin a FM tsayin eriya ya fi yawan wat amfani, kuma na san inda zan ɗora ta. Kafin in tafi na tara ɗaliban, na ce musu abu ɗaya: kada wanda ya kunna taransimita in wayar eriya ba ta jone. Ƙarfin da ya rasa mafita komawa yake yi ciki ya dafa taransisto, wato 'yan kayan cikinta masu ƙara ƙarfin sigina. Duk suka ce sun gane, suna ta ɗaukar hoto da abin kunne.

Da damina ta kama, wani daga cikinsu ya ga hadari ya cire wayar eriya. Wannan ya yi hankali, tunda an hana su makarin aradu. Da safe wani daban ya zo, yana sauri kada shirinsa na gaishe-gaishe ya wuce, ya danna maɓalli bai leƙa baya ba. Ɗaki ba kwaɗo, ba takardar miƙa aiki, ba injiniya ko ɗaya. Ƙaurin kawai suka ji.

Ka san abin da mutumin nan ya rubuta wa hukumar makaranta? Wai jabun kaya na sa musu. Ni! Ya riƙe cikona, ya riƙe kuɗin sitabilaizata, na yi ta sintiri a ofishinsa ana ce min ya shiga taro. Ɗaliban da na koya wa suka gama karatu suka watse, sababbin da suka zo ba su ma san an taɓa yin tasha ba. Dogon ƙarfen na nan tsaye, an ɗaura masa allon talla.

Shi ya sa gobe in mun je aikin nan, kai za ka haƙa ramin atin, kuma ba za a sauke taransimita daga mota ba sai na ga kwaɗo a ƙofa, na kuma ƙirga kuɗina da hannuna.